Hancin Motar Fifame

"Kashe shi! Fifame, don girman Allah kashe shi!"

Pelaji ce take wannan kururuwa, hannu ɗaya ya toshe hanci, ɗayan yana laluben abin sauke gilashi. Fifame ta kashe esin, na'urar sanyin nan, ta sauke gilasan motar gaba da baya. Iskar safiyar Kwatano ta kutso kai da hayaƙin babura da ƙaurin man suya, Pelaji kuwa ta leƙa kai waje tana zuƙar hayaƙin nan kamar wadda aka tsamo daga rijiya.

"Ba jiya kika ce min kin yi maganinsa ba?"

"Na rataya masa sabon abin ƙamshi," in ji Fifame, tana nuna wani ɗan kwali da yake lilo a jikin madubi.

"Ai na ji. Da mushe ne kawai, yanzu kuwa mushe ne da ya shafa turare zai tafi biki. Sauke ni a nan, 'yar'uwa, zan hau zem."

"Haba Pelaji, ga kasuwar can, saura kaɗan."

"Atamfa nake sayarwa, ba kifi ba. In warin nan ya kama min kaya, ke za ki saya?"

Haka Pelaji, maƙwabciyar da ta fi kowa rangaɗa guɗa ranar da aka kawo motar, ta sauka da ƙunshin atamfofinta ta ɗare bayan ɗan zem, wato ɗan acaba, ko waiwaye babu.

Fifame ungozoma ce a wani asibitin haihuwa, kuma duk wanda ya san aikin ya san hancinta ba na raki ba ne. Amma wannan wari ya fi ƙarfinta. Shekara da shekaru tana bin bayan babura, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, kafin Allah ya nufe ta da 'yar jar motar nan ta hannu daga filin motoci na hanyar Seme. Abin da ya fi burge ta a jikin motar shi ne esin. Kwanakin farko sanyi yake busowa mai ratsa jiki, har abokan aikinta suna rububin ta rage musu hanya. Daga nan sai wani ɗan tsami ya fara biyo sanyin. Tsamin ya yi girma ya zama ɗoyi. Ta sa ɓawon lemo, ta tura gawayi ƙarƙashin kujera, ta barbaɗa kafur, ta turara motar da turaren wuta har idonta ya yi ja. Masu rububin nan kuwa, da an tashi daga aiki sai kowacce ta tuna tana da inda za ta biya.

Da wata rana ce daban, da sai ta sauke gilashi ta yi tafiyarta. Amma yau ce ranar da za ta je Porto-Novo ta ɗauko Gwaggo Asiba ta kawo ta wurin likitan ido.

Gwaggo Asiba yayar mahaifinta ce. Ita ta goye ta bayan rasuwar uwarta, ita ta yi ta sayar da akasa, tuwon masara mai tsami, a bakin tasha har Fifame ta gama makarantar ungozoma. A danginsu kuwa bakin gwaggo ba abin wasa ba ne. Ita ke yi wa kakanni magana a madadin gida, ita ke sa albarka, in ta ɓata rai kowa ya shiga taitayinsa. Ranar addu'ar ƙarshe ta mahaifin Fifame, Gwaggo ta miƙo mata ƙoƙon ruwan da aka zuba wa kakanni don ta kurɓa, kamar yadda kowane ɗa yake yi. Fifame a lokacin sabuwar shiga ce a wani coci mai zafi, sai ta maida hannuwanta baya, ta ce a gaban dangi kaf ita ta bar waɗannan abubuwa. Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Ajiye ƙoƙon ta yi, ta ce ita ba ta da 'ya a Kwatano. Shekaru suka yi ta wucewa, Fifame ta sauya coci, zafin kanta ya sauka, nadama ta zo ta zauna mata a ƙirji, amma duk aiken da ta yi Porto-Novo haka yake dawowa ba a kwance ƙullinsa ba.

Sai ga shi makon da ta sayi motar, ranar Lahadi da yamma, tsohuwar ta diro daga bayan zem da kwando a hannu, ba aike ba sanarwa, ta ce ta zo sa wa motar albarka. Wannan zuwa shi kaɗai ne zaren da ya sake haɗa su, kuma siririn zare ne, Fifame tana tsoron ko tari ta yi da ƙarfi zai tsinke. Yau ne Gwaggo za ta fara shiga motar. Ga tsohuwa mai ciwon fuka, ga tafiya cikin rana. Ta yaya za ta saka ta a wannan masai mai taya huɗu?

Ta karya sitiyari ta nufi garejin Agosu a Akpakpa.

Agosu gajeren mutum ne mai ƙaton tumbi, da ɗan gicciye a wuya da wata hula da ba wanda ya san launinta na asali. Gyaran esi ne sana'arsa, kuma yana ji da hancinsa yadda mawaƙi yake ji da muryarsa. Ya shiga ya zauna, ya rufe ƙofa, ya kunna, ya lumshe ido. Bai daɗe ba ya fito yana tari.

"Madam, wa kika yi wa laifi?"

"Ɓera ne, ko? Kowa cewa yake ɓera ne ya mutu a ciki."

"Ɓera na san shi. Warin ɓera a maƙoshi yake tsayawa. Ruwan da ya kwanta a ciki ma na san shi, kamar jiƙaƙƙiyar safa yake yi. Wannan kuwa..." Ya girgiza kai cikin girmamawa. "Wannan yana da iyaye."

Ya ɗaga murfin inji, ya leƙa, ya rufe. Ya zagayo gindin gilashin gaba, inda waifa suke kwanciya a kan wata baƙar roba mai ƙananan huji. Nan ya ja ya tsaya. Wani abu ne ya bushe ya daskare a wurin, fari-fari da ja-ja, ga 'yan gutsattsarin ɓawo sun maƙale a hujin. Ya miƙa yatsa zai kankare, sai ya janye hannun da sauri, ya cire hularsa.

"Wa ya zuba wannan?"

"Gwaggona."

"Ta wajen uwa ko ta wajen uba?"

"Yayar babana."

Agosu ya ja da baya yana goge hannu a tumbi, alhali bai taɓa komai ba.

Fifame ta ba shi labari. Ranar nan Gwaggo ta zagaya motar tana shafa ta, don idonta ya yi yana, sannan ta tambayi mijin Pelaji, wanda ya taɓa yin direba, ina hancin motar yake. Ai albarka ba a ƙafa ake sa ta ba, in ji ta, inda abu yake numfashi nan ake sa masa. Mutumin ya nuna mata robar nan mai huji, ya ce ta nan iska take shiga ciki. To a nan Gwaggo ta tsiyaya ruwan garin masara, ta bi da manja, ta fesa sodabi, barasar gargajiya, da baki, tana kiran sunayen kakanni ɗaya bayan ɗaya, na mahaifin Fifame a ƙarshe. Sannan ta shiga fasa ƙwan kajin gida. Ba ta yi rowa ba, duk abin da ke cikin kwandon sai da ta fasa. Fifame tana tsaye, kai a ƙasa, tana cewa amin. Da Gwaggo za ta tafi ba ta yarda ta shiga ɗaki ba. Ruwa kawai ta sha a tsaye, ta ce, "To, mu gani."

"Tun ranar ba a wanke ba?" in ji Agosu.

"Ko ɗigo bai taɓa wurin ba. In hadari ya taso, leda nake rufa mata."

"Leda!" Ya dafe kai da hannu biyu. "Da kin bar ruwan sama, ai da Allah ya wanke miki, ba laifin kowa. Ke kuwa kin rufa wa ƙwai leda a ranar Kwatano. Madam, dafa shi kika yi."

"Ni dai ka gaya min abin da ake ciki."

"Zo ki gani. Mijin maƙwabciyarki bai yi ƙarya ba, ta nan esi yake jan iska. Ƙwan ya bi hujin nan ya gangara, ya jiƙa filta, abin da yake tace iskar kenan, daga nan ya zarce cikin akwatin da ke yin sanyin. Can ciki kullum a jiƙe yake. Akwai ɗan bututun da ruwan yake bi ya ɗiga ƙasa, na rantse garin masara ya toshe shi. To ga ƙwai, ga gari, ga ruwa, ga duhu. Duk sanda kika kunna, miyar da kike shaƙa kenan."

"Maganinsa fa?"

"A cire robar nan a wanke da ruwan zafi da sabulu, a sa sabuwar filta, a hure bututun. Wannan yanzu-yanzu ne. Wanda ya shige can ciki kuwa sai an kwance gaban motar gaba ɗaya, aikin yini guda ne cur."

"To yi na yanzun."

"Ni?" Ya nuna ƙirjinsa, yatsan a kan gicciyen. "Madam, ni ba na fashin coci, tambayi kowa. Amma ƙwan gwaggo ƙwan gwaggo ne. Ina yaro na share garin da tawa gwaggon ta barbaɗa a bakin ƙofa, shaƙuwa ta kama ni har sai da uwata ta je da kaza ta ba da haƙuri. Filta ta kamfani ce, zan cire. Bututu na kamfani ne, zan hure. Abin da ke saman nan kuwa naku ne na gida. In za a wanke, ke za ki wanke da hannunki."

Fifame ta zauna a kan wata tsohuwar taya ta yi tagumi. In ta bar shi, Gwaggo za ta shafa ta ji abinta yana nan, ta san an girmama ta. Amma ita ma'aikaciyar asibiti ce, ta san abin da ruɓaɓɓiyar iska take yi wa ƙirjin mai fuka, kuma ko esin yana kashe, ta hujin nan iska take bi ta shigo in mota tana gudu. In kuma ta wanke, to ta sake maida hannu baya kenan, wannan karon har da sabulu. Ta ji haushin kanta, ta ji haushin mijin Pelaji da iyayinsa, ta ji haushin kajin Porto-Novo baki ɗaya.

"Akwai dabara," in ji Agosu, da ya ga ta yi jugum. "Ki wanke, in ya bushe ki samo ɗan gari da manja ki shafa a sama-sama. Ba kin ce ba ta gani sosai ba?"

"Ba ka san ta ba. Abin da idonta ya rasa hancinta ya karɓa. Ina ƙarama in na ɗanɗana mata miya a ɓoye, daga ƙofar gida take sani." Ta miƙe, ta buɗe jakarta, ta zaro safar hannu ta asibiti. "A samo min ruwan zafin."

Matar da ke sayar da shayi a gefen garejin ta ba da tafasasshen ruwa a bokiti, ta kuma biyo bokitin don ta ga ƙwaƙwaf. Agosu ya kwance robar da tsinin sukundireba, yana kaffa-kaffa kada fatarsa ta taɓa. Abin da ke ƙarƙashi ba ya faɗuwa. Mai shayi ta koma rumfarta da gudu, ƙudajen unguwa kuwa duk suka zo gaisuwa. Fifame ta sunkuya ta yi ta dirza, ruwan yana gangarowa rawaya-rawaya yana bin ƙasa. Haihuwar da ta karɓa a duniya ba ta ƙirguwa, ba ta taɓa zubar da hawaye a bakin aiki ba, yau ga ta tana wanke ƙwai tana kuka. Agosu ya ce warin ne, ita ma ta ce warin ne.

Shi kuma ya zaro filtar da filaya, ya miƙe hannu nesa da jikinsa ya kai ta bayan gareji. Ya sa sabuwa, ya shige ƙarƙashin motar ya hure bututun, wani baƙin ruwa ya tsartu ya same shi a hula. Ya fito yana zagin ruwan da uwarsa, ya fesa wani kumfa ta hujin, ya maida robar.

"Yau kada ki kunna," ya ce. "Na cikin nan taɓa shi muka yi, ba mu fitar da shi ba, yanzu ya fi fushi. Ki sauke gilashi, ki roƙi Allah kada ki haɗu da cunkoso."

A hanyar Porto-Novo ta yi ta shirya ƙarya tana warwarewa. Ta ce ruwan sama ne ya shammace ta. Ta ce masu wankin mota ne na bakin asibiti suka wanke ba da saninta ba. Kowacce ta gwada a baki sai ta ji ba za ta iya faɗa wa Gwaggo ita ba. Kafin ta haye gadar shiga gari ta haƙura, ta bar wa Allah.

Ta tarar da Gwaggo Asiba zaune a kan kujera a ƙofar gida, ta ci ado da leshinta na zuwa manyan jana'izai, ɗaurin kai ya tashi sama, lema a hannu a madadin sanda. Matan gida sun fito kallon mota. Fifame ta durƙusa har ƙasa.

"Gwaggo, ina kwana. Kin tashi lafiya?"

"Mun tashi. Ya hanya?"

"Lafiya lau, Gwaggo."

Tsohuwar ta miƙe, amma ba ƙofar motar ta nufa ba. Tafin hannu ta ɗora a jikin ƙarfen, tana bi a hankali har ta iso gindin gilashin gaba. Ta shafa robar, ta ji ta sumul. Ta kai yatsun hancinta.

"Sabulu mai kyau," in ji Gwaggo. Ta juya wajen matan gida ta ɗan gyaɗa kai, irin gyaɗa kan wanda maganarsa ta tabbata.

Fifame ta buɗe mata ƙofar gaba. Gwaggo ta laluba ta buɗe ta baya da kanta, ta shiga ta zauna, ta ɗora lema a cinya.

"Mu je, Madam Ungozoma, kada mu ɓata miki lokaci."

Wannan suna ya fi mari zafi. Fifame ta ja mota. Ta tambayi Gwaggo ya ƙirjin, aka ce yana nan. Ta ce ko ta saya mata abarba a hanya, aka ce an ƙoshi. Iska dai tana shigowa ta tagogi, hanya a buɗe, har suka shigo Kwatano.

A Akpakpa, gab da hawa gada, addu'ar da Agosu ya ce ta yi ta nuna ba a karɓa ba. Wata motar siminti ta mutu a tsakiyar hanya, komai ya tsaya cak. Babura suna kutsawa ta ko'ina, kowa yana danna oda kamar odar ce za ta ɗaga simintin. Rana ta take tsaka. Wata tirela ta zo ta tsaya daidai tagar Gwaggo tana amayo baƙin hayaƙi. Ba a jima ba Fifame ta fara jin ɗan fito a cikin numfashin tsohuwar.

"An ce motar nan tana yin sanyi," in ji Gwaggo daga baya, tana fifita da gefen mayafi. "Ko shi ma sai 'yan coci ake kunna wa?"

"Gwaggo, ba haka ba ne. 'Yar matsala ce da shi."

"Matsalar yau ta fara, da na shigo."

"Allah shi ne shaida, Gwaggo..."

"Rufe tagogin ki kunna. In kuma man kike jin tsada, faɗa min in sauka in hau zem, ban manta yadda ake hawa ba."

Fifame ta dube ta ta madubi. Gumi ya jiƙa ɗaurin kan, ƙirjin yana sama yana ƙasa, hayaƙin tirela yana shigowa kai tsaye. Ba yadda ta iya. Ta ɗaga gilasai, ta kunna.

Da farko sanyi ne ya zo, mai daɗi, har Gwaggo ta jingina ta sauke ajiyar zuciya. Sai abin ya biyo baya. Agosu bai yi ƙarya ba, na cikin nan ya yi fushi, ga shi kuma ya samo kumfa ya ƙara.

Gwaggo ta yi zumbur ta danna mayafi a hanci. "Kai! Kai! Ke 'yar nan, me kika ɗauko a motar nan? Asibitin naku a nan kuke zubar da shara?"

Abin da Fifame ta wuni tana dannewa ya ɓalle.

"Ƙwanki ne, Gwaggo!"

"Me?"

"Ƙwanki ne! Wanda kika fasa a hancinta, shi ya gangara ciki ya ruɓe. Tun ranar da kika zo ban bari ruwa ya taɓa wurin ba, ko hadari ne leda nake rufawa. A cikinsa nake zuwa aiki, a cikinsa nake dawowa. Abokan aikina sun guje ni, Pelaji a tsakiyar titi ta sauka yau da safe. Sai yau na wanke, yau ɗin nan, don kada ya tayar miki da fuka. Bakaniken ma ƙin taɓawa ya yi, ni na wanke da hannuna ina kuka. Wannan da kike ji ragowar ne kawai!"

Esin yana ta huci, babura suna ta oda daga waje.

"Ragowar?" in ji Gwaggo.

"Ragowar."

Tsohuwar ta sauke mayafin daga hanci a hankali, ta ɗan shaƙa kamar mai ɗanɗana gishirin miya, ta yamutsa fuska. Macen da ta yi kiwon kaji duk rayuwarta ba sai an gaya mata ba, wannan ba warin jiya ko shekaranjiya ba ne.

"Tun ranar Lahadin can?"

"Tun ranar."

"Da leda?"

"Da leda."

Kafaɗun Gwaggo suka fara rawa. Fifame ta tsorata, ta zaci fukar ce ta taso, har ta juyo tana laluben jaka. Ashe dariya ce. Dariya ta ci ƙarfin tsohuwar, tana buga lema a ƙasan mota, ɗaurin kai ya karkace, dariyar ta koma tari, tarin ya sake komawa dariya. Direban tirela ya leƙo daga sama yana kallon ikon Allah. Sai da Fifame ta miƙa mata ruwa ta kurɓa sannan ta samu bakin magana.

"Wayyo 'yar ƙanena! Wa ya ce miki barinsa ake yi? Da yamma ake fasawa, ya kwana, raɓa ta sauka a kai, da safe a wanke tas. Kakannin naki ungulaye ne da za su zauna cin ruɓaɓɓe?"

"To don me ba ki gaya min ba?"

Dariyar ta tsaya. Gwaggo ta juya fuska wajen taga, ko da yake ba abin da take gani a can sai inuwa.

"Ban ga amfanin faɗa ba. Na ɗauka kafin in kai tasha kin kira masu wanki. Haka ma na ce wa matan gida." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ɗazu da na shafa na ji sabulu, sai na ce to, ai dama."

Fifame ta riƙe sitiyari da hannu biyu tana kallon bayan motar da ke gabanta, hawaye yana gangarowa, wannan karon ba ta ɗora wa warin ba.

Sai ta ji ƙarar buɗe ƙofa.

"Gwaggo! Ina za ki? Babura!"

Tsohuwar ta riga ta fita. Hannu ɗaya a jikin mota, ɗayan da lema, ta biyo gefen a hankali. Wani ɗan zem ya taka birki har fasinjarsa ta bugi bayansa.

"Mama, a hankali mana!"

"Kai ka yi a hankali, mara kunya. Titin na ubanka ne?"

Ta laluba ta buɗe ƙofar gaba, ta shigo ta zauna kusa da Fifame, ta gyara ɗaurin kai, ta maida mayafi kan hanci. Fifame ta miƙa hannu za ta kashe esin, Gwaggo ta buge hannun.

"Rage shi dai, kada ki kashe. Ai nawa ne."

Can gaba aka samu aka ture motar simintin gefe, layi ya fara motsi.

"Bakaniken nan mai tsoron ƙwai, ya sunansa?"

"Agosu."

"Ya samu tarbiyya. Ki gaya masa ni na ce ya buɗe cikin ya wanke sauran, ba abin da zai same shi." Muryarta tana fitowa a dakushe ta cikin mayafin. "Ni dai ba zan koma Porto-Novo a cikin wannan ɗoyi ba, sai an gyara. Kina da inda tsohuwa za ta miƙe ƙafa?"

"Akwai gado, Gwaggo."

"To. Kwana nawa ya ce aikin zai ci?"

Fifame ta haɗiye yini gudan da Agosu ya ce, ta sa giya, ta bi bayan tirelar a hankali suka hau gada.

"Bai faɗa ba," ta ce. "Kin san halin kanikawa, Gwaggo. Ba sa sauri."